Numfashin Baba Nomau

Na sauka tashar Adjamé da hantsi, bayan kwana biyu da yini a cikin mota, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Sunana Laminu, ma'aikacin jinya ne ni daga Maraɗi. Abin da ya kai ni Abidjan sitaj ne, wato horon ƙwarewa, na wata tara a sashen da ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara, wanda ma'aikata ke kira reya, mutanenmu kuma su ce gobe-da-nisa. An kawo wa asibitinmu na'urorin numfashi, mun san wurin kunnawa da wurin kashewa, amma abin da ke tsakani sai dai mu ce Allah Ya kiyaye. Shi ya sa aka turo ni.

Ban taɓa ganin taron mutane irin na Adjamé ba. Kowa sauri yake, kowa da kaya a ka, ƙananan motocin da suke kira gbaka suna kutsawa cikin jama'a kamar babu rai a gabansu. Ko minti biyar ban yi da sauka ba wani mutum mai kwat da hula ya yi mini sallama da Hausa tsantsa, ya tambayi baƙon wa ne ni. Na ce Alhaji Habu mai albasa. Ya ce ai shi Alhaji ya turo, tun safe yake dakona. Daɗin jin harshenmu ya sa ban yi masa tambaya ko ɗaya ba. Ya saɓa babbar jakata a kafaɗa ya shige gaba, ina biye. Wani amalanke maƙare da ayaba ya gifta tsakaninmu, kafin ya wuce mutumin ya ɓace. A cikin jakar akwai fararen rigunan aikina, da takalma, da littafin da na shekara ina rubutu a ciki, da kilishi da garin yaji da matata Zara'u ta haɗa mini. Takarduna kaɗai suka tsira, don suna cikin aljihun ciki, tare da waya wadda cajinta ya ƙare tun a hanya.

Na yi ta yawo ina leƙa fuskokin mutane har ƙafa ta kai ni kasuwar Gouro, na zauna a kan wani kwandon da aka kife. Wata mai sayar da yalo da tattasai ta dube ni, ta sake dubana, ta ce, “Yako.” Daga baya na gane kalmar jaje ce, irin sannunmu. Ta ba ni ruwa, ta saurari labarina da Faransancin makarantata wanda ya sha bamban da nata, sannan ta bar wa maƙwabciyarta kayanta, ta kama hannun rigata kamar na ɗanta, ta ratsa da ni kasuwar har layin masu albasa. Tana nuna ni ga na farkonsu ta juya. Na koma nemanta sau biyu don in yi godiya, amma mata masu yalo a kasuwar nan sun fi a ƙirga, ban ƙara ganinta ba.

Alhaji Habu mutumin Madawa ne, ya fi shekara talatin a Adjamé, abokin mahaifina tun ƙuruciya. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi dariya ba. Ya ce a tasha wanda ya fara yi maka Hausa shi za ka fara jin tsoro, in ɗauka kuɗin makaranta na biya. Ya sa telansa ya ɗinka mini fararen riguna biyu, ya ba ni ɗaki a saman siton albasarsa. Ɗakin na da kyau da iska, sai dai duk abin da ya kwana a cikinsa da warin albasa zai tashi.

Asibitin yana Treichville, haye da ruwa. Kullum bayan sallar asuba sai in shiga woro-woro, tasin da ake haɗa fasinja, mu hau gada, in hango manyan jiragen ruwa da ƙugiyoyin ɗaga kaya na tashar jiragen. Ni da na tashi inda ruwa sai rijiya da gulbin da ke ƙafewa da rani, na ɗauki makonni ban daina kallon ba. Kusa da ƙofar asibitin akwai rumfar garba, wato garin rogo da aka turara ake ci da soyayyen kifi da barkono. Masu sayarwa duk ƴan ƙasarmu ne, har an ce daga sunan mutanenmu abincin ya samo suna. A nan nake karyawa a tsaye, in ji Hausa ta minti goma kafin in shiga inda babu ita sai yamma.

Ranar farko aka kai ni gaban majo, shugabar masu jinya ta sashen. Sunanta Madam Amenan, ƴar ƙabilar Baule ce, gajeruwa, ta doshi sittin, tabarau rataye a wuyanta da zare tare da ɗan ƙaramin gicciye. Ta karanta takardata a tsaye, ta ɗan shaƙi iska, ta tambaye ni ko a cikin tukunyar miya nake kwana. Ma'aikata suka kwashe da dariya, wani ya ce shi ya zaci garba na zo sayarwa. Ita ba ta yi dariyar ba. Ta tambayi inda na sauka, da na faɗa mata sai ta ba ni makullin wata durowa, ta ce rigunan aikina su riƙa kwana a nan, kada su sake ganin Adjamé.

Gadaje takwas ne a ɗakin, kusan kowane da na'ura a gefensa. Akan zura wa maras lafiya tiyo ta baki har maƙogwaro, na'urar ta riƙa tura masa iska cikin huhu. Idan yana cikin barcin magani mai nauyi, ita ke yin komai. Idan ya fara farkawa yana neman ja da kansa, aikinta ta ji ya fara ja, ta taimaka masa nan take, ta kuma sake shi lokacin da yake son fitarwa. A kan allonta akwai layuka masu hawa da sauka. Na karanta duk wannan a littafi, hannuna har ƙaiƙayi yake in taɓa maɓallan.

Madam ta hana. Ta jawo kujera ta ajiye gefen wani gado, bayan kujerar na fuskantar allon, ta zaunar da ni, ta ɗauki hannuna ta ɗora a ƙasan haƙarƙarin mutumin da ke kwance. Ta ce duk sanda na ji ya yunƙura zai ja iska, in ƙwanƙwasa ƙarfen gadon da yatsa. Idan na gama wanke marasa lafiya da juya su da ba da magani, nan zan koma. Mako guda ina haka. Masu sharar ɗakin ma sun fara yi mini murmushi.

Wannan makon ne kewar gida ta fi damuna. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, wanki ba ya bushewa, ina marmarin fura har in ji ɗanɗanonta a baki. Zara'u ta turo mini hoton ƴarmu Nana ta fara tafiya, ta dafa bango, ni kuma ina wata ƙasa ina buga ƙarfen gado. Na kira ta na ce anya ba ɓata mini lokaci matar nan take ba. Ta ce in yi haƙuri, ko tuwo sai an fara koyon hura wuta.

Rana ta takwas Madam ta tsaya a bayana da agogo a hannu. Ina ƙwanƙwasawa, ita tana ƙirga numfashin da na'ura ke bayarwa. Da minti ya cika ta ce na buga ashirin da shida, na'ura ta ba da goma sha tara. Sai ta juya kujerata, ta sa tabarau, ta nuna mini wasu ƴan ƙananan loɓawa a jikin layin, waɗanda da ni kaɗai ne ba zan taɓa kula da su ba.

“Bakwai ɗin nan da suka ɓata,” in ji ta, “mutum ne ya nemi iska ba a ba shi ba. Ba zai iya faɗa maka ba, tiyo ya tare masa murya. Idan hannunka bai ji ba, babu mai ji.”

Daga ranar ta fara buɗe mini abin da ta sani, kaɗan-kaɗan, kullum a bakin gado. Wani lokaci na'ura kan makara, wani lokaci ta saki mutum tun bai ƙoshi ba sai ya sake ja ta ninka masa, wani lokaci kuma ta tura iska babu wanda ya roƙe ta. Wannan na ƙarshen da kuskurena na koye shi. Wata mata a gado na biyu ta shiga haki, na'urarta na ta kuka, na ruga na ce wa likita a ƙara mata maganin barci. Kafin in dawo Madam ta ɗaga tiyon ta duba. Ruwan tururi ne ya taru a lanƙwasarsa yana kaɗawa, na'ura na ɗauka matar ce ke ja, tana ta antaya mata iska. Ta tsiyaye ruwan a ɗan kwano, kukan ya tsaya, matar ta lafa. Kwanon kawai ta miƙo mini in zubar.

Wani abin da na lura da shi, ba ta taɓa zuwa gado ta fara da allo. Sai ta gai da mai ciwon da sunansa ko da bai san inda kansa yake ba, ta dubi goshinsa ko akwai gumi, ta dubi hancinsa da wuyansa, ta taɓa cikinsa. Likitoci ne ke da ikon canza lissafin na'ura, kuma ba ta taɓa tsallake su, amma na sha ganin manyansu sun tsaya sun ce, “Majo, me kika gani?”

A wata na huɗu aka kawo Baba Nomau daga tashar jiragen ruwa. Ɗan dako ne, mutumin Buza, ya tsufa a cikin ƙurar siminti da ta shinkafa, ga taba da ya daɗe yana sha. Huhunsa dama ya gaji, sai ciwon sanyin ƙirji ya faɗa masa, ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Matarsa ta rasu, ƴarsa Rakiya ce ke zuwa, wata mai ɗinki da aka haifa a Treichville, wadda in ta fara magana da Hausa sai ta ƙarasa da Faransanci. Shi kuwa Baba Faransancinsa bai wuce na ɗaga da sauke ba.

Kwana shida yana barcin magani. Da zazzaɓi ya sauka, likitan da ke kula da shi, wani matashi mai ƙwazo da ake kira Dokta Kone, ya sa aka fara rage maganin domin ya koma ja da kansa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe Baba ya buɗe ido, daga nan kokawa ta fara. Ya ciji tiyo, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gumi ya jiƙa matashin, bugun zuciyarsa ya hau. An ɗaure hannayensa da ƙyalle don kada ya fizge tiyon, amma gadon gaba ɗaya girgiza yake. Na'ura na kuka babu ƙaƙƙautawa. Rakiya na tsaye bayan gilashin ƙofa ta toshe baki da mayafi.

Dokta Kone ya ce a mayar da shi barci, yana tsoron huhun ya ji rauni ko tiyon ya fita. Yana da gaskiyarsa. Madam ta ja shi gefe ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. Ta ce tsoho irin wannan idan ya ƙara mako yana barci, naman da ke ja masa numfashi zai saki, wataƙila ba zai sake rabuwa da na'ura ba. Ta roƙe shi ya ba ta zuwa la'asar, shi kuma ya tsaya da allurar a hannu, in abu ya ɓaci ya yi. Ya dubi Baba, ya dubi allon, ya amince.

Ta ɗaga kan gadon, ta zuƙe masa majina, ta duba tiyo babu ruwa. Ta ce in ɗora hannu in ƙirga. Cikin Baba yana ta fizga a ƙarƙashin tafina, na samu talatin da huɗu, na'ura ta amsa ashirin da ɗaya. Da farko ta zaci kunnen na'urar ne ya yi nauyi, da izinin likita ta ƙara mata saurin ji. Abin ya ƙara lalacewa, na'ura ta shiga turawa barkatai, Baba ya yi ta tari fuskarsa ta yi duhu. Na ga Dokta Kone ya cire murfin allura. Madam ta mayar da maɓallin inda yake, ta ce a fili, gaban kowa, “Na yi kuskure, ba nan matsalar take ba.” Ta gyara tabarau ta zura wa allon ido kamar babu ƙarar komai a ɗakin.

Can ta kira likitan ta ɗora yatsa a kan layin fitar iska. Layin ba ya komawa ƙasa kafin Baba ya sake yunƙurawa. Tsohon huhunsa a hankali yake sakin iska, na'ura kuma tana tura masa da yawa tana daɗewa, sai ragowar ta taru a ƙirji, kamar salkar da ta cika ana ƙara yi mata ɗuri. Kafin na'ura ta ji yana ja, sai ya fara rinjayar wannan iskar da ta maƙale, kuma sau da yawa ƙarfinsa kan ƙare bai kai ba. Ta kawo shawara uku: a rage ƙarfin turawar, a sa na'ura ta riƙa sakinsa da wuri domin ya sami lokacin fitarwa, a ɗan ƙara matsin da ke saura a cikin tiyo don jan farko ya yi masa sauƙi. Likita ya yarda, ya kuma ƙara maganin buɗe hanyar iska.

Kafin ta taɓa komai ta juyo kaina. Ta ce mutumin nan ya farka a wurin da bai sani ba, an ɗaure shi, an cusa masa abu a maƙogwaro, kuma babu wanda ya yi masa bayani da harshen da yake ji. In sunkuya in faɗa masa inda yake da abin da ake yi masa, in yi ta maimaitawa.

Na kai bakina kunnensa. “Baba Nomau, ni Laminu ne, ɗan Maraɗi. Asibiti kake a Treichville, Rakiya na bakin ƙofa. Abin da ke bakinka tiyo ne, iska yake kawo maka, kada ka cije shi. Ka ja a hankali, zai biyo ka.”

Idanunsa da ke ta yawo a rufin ɗaki suka dawo kaina suka tsaya. Madam ta kwance hannunsa na dama ta sa a nawa. Tafinsa kamar ƙirgi, ya damƙe ni har na ji yatsuna za su karye.

Ba ta yi canjin uku a lokaci guda ba. Takan murɗa ɗaya kaɗan, ta naɗe hannu ta jira, ta tambaye ni nawa na samu, sannan ta ƙara ko ta rage. Ratar ta riƙa raguwa, daga goma sha uku zuwa tara, zuwa biyar, ta koma bakwai, ta sake sauka. Lokacin cin abinci ya zo ya wuce ba ta motsa ba. Bayana ya ƙage, muryata ta dushe, ina ta nanata wa Baba magana ɗaya, in na gaji in yi masa salati. Ban san sanda damƙar ta sassauta ba. Na dai farga cewa duk yunƙurin da na ji a tafina, na'ura na amsa shi a take, ƙirjinsa ya tashi ya sauka babu gardama. Gumin goshinsa ya bushe. Da aka kira la'asar a masallacin bayan asibiti, ashirin da biyu na ƙirga, ita ma ashirin da biyu.

Dokta Kone ya mayar da murfin allurar. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya roƙi Madam ta sake nuna masa layin nan, ya zana shi. Ita kuma ta wanke hannu ta je ta ci shinkafarta da ta huce, a tsaye.

Kwana biyar aka ƙara. Kowace safiya sai ta sake duba Baba daga farko, don ta ce lissafin jiya na mutumin jiya ne. Rana ta uku zazzaɓi ya dawo, amma ya wuce. Ranar da aka zare tiyon Baba ya yi tari mai tsawo, ya yafito ni da hannu, ya tambaye ni da wata murya kamar ta ƙofar da ta yi tsatsa ko Juma'a nawa ta wuce shi. Na ce biyu. Ya girgiza kai.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Rakiya ta bayan gilashi abin da ta gani shi ne ni sunkuye a kunnen mahaifinta, shi kuma yana lafawa. Haka ta bayar a gidansu, kuma labarin ya riga ni haye gada. Ranar Juma'a Alhaji Habu ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci yana nuna ni, wai ga yaron da ya yi wa Nomau magana a kunne na'urar Turawa ta bi umarninsa. Mai garba ya fara ƙara mini kifi. Malamin zauren unguwa ya sa almajiransa manya suka yi mini addu'a. Masu albasa suka koma kirana likita. Duk wanda ya yaba sai in ce Allah ne Ya yi. Maganar gaskiya ce, amma na san abin da nake ɓoyewa a bayanta. Bayan wata huɗu ana yi mini kallon baƙo mai warin albasa, girman ya yi mini daɗi, na bar shi ya yi ta tafiya har makonni.

Da aka sallami Baba ya aiko in je. Na same shi da yamma a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna da yawa, zaune a tabarma ya jingina da bango, ya rame amma idonsa garau. Ya ba ni labarin abin da ya ji a kwanakin nan. Ya ce ji ya yi kamar buhuna sun rufto masa a cikin jirgi, yana son ya fitar da iska wani na danna masa wata. Da ya ji Hausa a kunnensa ya ɗauka ya mutu ne, mutanen Buza suka zo tarbarsa. Daga nan sai nauyin ya riƙa ɗagawa buhu-buhu. Ya ce muryata ce ta ɗaga su. Rakiya ta shiga ɗaki ta fito da shadda fara mai tsada, irin wadda na san ta fi ƙarfin gidan, ta ajiye a gabana.

Na kasa taɓa ta. Na ce, “Baba, muryar tawa ce, amma ba ni na ɗaga buhunan ba. Akwai wata mata. Ita ta hana a mayar da kai barci, ita ta gano abin da ke danne ka, ita ta gyara na'urar. Maganar da na yi maka ma ita ta sa ni.”

Ya zuba mini ido har na ji kunya ta rufe ni. Ya tambaya ko Musulma ce. Na ce Kirista ce, Baule. Ya gyaɗa kai ya ce Allah Ya san inda Yake ajiye abinSa. Sai ya ce wa Rakiya gobe ta mayar da shaddar kasuwa ta musanyo atamfa, ta zaɓi wadda mace mai shekaru za ta ɗaura ta shiga taro. Ni kuma ya ce in je in faɗa wa Alhaji Habu abin da na faɗa masa, da bakina. Na faɗa. Alhaji ya ce to, ai ko ɗan aike yana da ladan aike, amma daga ranar ya koma kirana Laminu.

Ranar da Baba ya zo a duba shi, ya ce sai ya ga matar. Sashenmu a bene na biyu yake, na ce ya jira in kira ta, ya ƙi, ya ce mai godiya shi ke hawa. Ya ƙi a riƙe shi. Ya iso bakin ƙofa da babbar riga da hula, Rakiya na biye da atamfar a leda. Na shiga na faɗa wa Madam, ta cire safar hannu ta fito.

Baba ya cire hula ya fara. Ya ambaci sunansa da na mahaifinsa da garinsu, ya shiga godiya da addu'a, ina fassarawa. Amma na lura Madam ba fuskarsa take kallo ba. Wuyansa take kallo da kafaɗunsa da ke ɗagawa, da yadda yake yanke magana bayan kowace kalma uku. Ta ɗaga mini hannu in dakata, ta jawo kujera.

“Ce masa ya zauna. Ya sunkuyo gaba, ya dafa gwiwa, ya tsuke baki ya fitar a hankali kamar mai hura koko.”

Baba ya dube ni, na faɗa masa, ya zauna ya yi yadda ta ce. Ta tsaya a kansa da hannunta a bayansa, mutane na wucewa ta gefenmu, har kafaɗun suka sauka. Sannan ta jawo wata kujerar ta zauna daf da shi, ta ɗora ledar atamfar a cinyarta.

“To, yanzu ya ci gaba, ina ji.”

Baba bai ci gaba daga inda ya tsaya ba. Ya koma farko, daga sunan mahaifinsa, a tsanake, ya yi mata addu'a ita da iyayenta da ƴaƴanta da jikokin da ba a haifa ba. Ban kai rabi ba ta ce in bar fassarar. Duk inda ya numfasa sai ta ce amin.